Likita Mann Da Harsashin Da Ya Kauce

Duk wanda ya taɓa zama kusa da maharbi yana ɗura bindigar toka ya ga yadda ake yi. Ya kan zuba albarushi a tafin hannu ya auna da ido, ya ɗura, ya cusa tsumma ya danna, sa'an nan ya jefa dalma. In ya harba ya samu, a yaba gwanintarsa. In ya kuskure, ya girgiza kai ya ce yau ba sa'a. Amma a Amurka an yi wani mutum wanda wannan amsa ba ta gamsar da shi ba, har ya ƙare rayuwarsa wajen neman wadda ta fi ta.

Sunansa Franklin Mann. An haife shi cikin 1856 a jihar Masacusets. Tun yana yaro ya lura da wani abu da ya dame shi: ko ya kafa bindiga a wuri ɗaya, ya yi saiti iri ɗaya, harsasai ba su bin huda ɗaya. Wannan ya faɗa dama, wancan hagu, wani ya yi ƙasa. Da ya girma ya yi karatun likita, ya kuma ƙago wani inji mai niƙa ƙashi don abincin kaji. Injin nan ya kawo masa dukiya. Wani da ya sami irinta sai ya miƙe ƙafa, shi kuwa ya koma gonar gidansu tare da ɗan'uwansa, suka duƙufa kan tambayar nan ta yarinta.

Kafin a gane aikinsa, sai a san harsashin bindigar zamani kashi huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla, da 'yar hula a gindinsa wadda ke ba da wuta in an buge ta, da albarushi a ciki, da dalma a baki. Cikin bututun bindigar kuma an yi waɗansu zane masu murɗiya, su ke sa dalmar ta fita tana juyawa kamar mazari. Masu harbin bara da yawa ba su dogara ga harsashin kanti ba, su kan haɗa nasu da hannunsu, gama kowace bindiga da irin wanda ya fi karɓarta.

Dabarar Likita Mann ita ce ya fid da waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda alƙali ke yi da shari'a. Mutane sun ce laifin hannun maharbi ne, sai ya gina dakali na siminti mai nauyi, ya aza bututun bindiga a kan mazauni na ƙarfe, hannu ya fita daga magana. Suka ce iska ce, sai ya rufe hanyar harsashin da farin ƙyalle, iska ta fita daga magana. Duk da haka harsasai ba su daina warwatsuwa ba. Sai ya jera takardu a kan hanya, dalma tana huda su tana wucewa, don siffar hudar ta nuna masa ko tana tafiya sosai ko ta karkace. Ya kuma riƙa harbi cikin dusar ƙanƙara da garin katako mai mai, don ya tsamo dalmar ba ta lotse ba, ya duba abin da wuta da bututu suka yi mata.

Daga nan ya yi abin da ya ba mutane mamaki. Ya riƙa lalata dalma da gangan, ya huda wata a gefe, ya goge gindin wata ya karkace, ya sa ta cikin bindiga yana lura da wajen da aibin ya fuskanta. Sai ga shi in ya juya aibin, harsashin ya sake wurin faɗuwa. Ashe kaucewar nan tana da dalili. Kowace mai kaɗi ta san mazarin da gefe ɗaya ya fi nauyi rawa ya kan yi, ba ya tsayawa daidai. To, haka dalma take: in nauyinta bai daidaita a tsakiya ba, ko gindinta ya karkace har wuta ta fi tura gefe ɗaya sa'ad da take barin bakin bindiga, tilas ta bar hanya. Ya tarar kuma aibin gindi ya fi na tsini ɓarna, ga shi kuwa tsini ne ido ya fi kula da shi.

Cikin 1909 ya tara abin da ya gani ya buga littafi a kan tafiyar harsashi, tun daga albarushi har zuwa bara. Ya rasu cikin 1916.

Masu haɗa harsashi na yau hanyarsa suke bi. Ma'auninsu ana ce da shi giren, shi ne kashi ɗaya cikin 7,000 na laba, su kan auna albarushi har zuwa kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin. Mutum ya kan haɗa harsasai biyar iri ɗaya, ya harba a takarda daga yadi 100, ya auna faɗin wurin da suka taru. In bai wuce inci ɗaya ba, an ce aiki ya fara kyau. Sa'an nan ya sake abu ɗaya tak, ko yawan albarushi, ko zurfin zaman dalma cikin kwanso, ya sake gwadawa. Wanda ya sake abu uku gaba ɗaya, ko ya dace bai san wanne ya taimake shi ba. Taro ɗaya mai kyau kuma ba hujja ba ne, sai an maimaita an ga ya tabbata.

Aikin nan ba na ganganci ba ne. Masu yin albarushi suna buga littattafan awo, sun sa iyakar da ba a wucewa, kuma mai hankali daga ƙasa yake farawa. Wanda ya ce zai ƙara don harsashi ya yi ƙarfi, ya yiwu bindiga ta fashe masa a fuska, ya rasa ido ko yatsu. Maharban bindigar toka da yawa sun ga irin wannan. Hukuma kuma ta kowace ƙasa tana da dokarta a kan bindiga da albarushi, a ƙasashe da yawa ba a taɓa su sai da izini.

Cikin kayan aikin Likita Mann duka, babu wanda ya kai alƙalami da littafin rubutu amfani. Kai ya kan tuna ranar da aka samu, ya manta da ranakun da aka kuskure, amma takarda ba ta son kai. Manomin da ya rubuta ranar shuka da yawan taki da dammunan da ya samu, ko marinin da ya rubuta awon babansa, ya kama hanyar likitan nan ke nan, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba. In shekara ta juyo, zai buɗe littafinsa ya ga abin da ya yi bara, ya san wanda zai sake bana.