Kwana Shida a Sisili, Tsakanin Wuta da Gishiri

Tokar dutsen na fara gani kafin in ga dutsen kansa. Washegarin saukata a birnin Katanya na leƙa ta taga da sassafe, sai ga wata tsohuwa a gidan da ke kallon namu tana share baranda, tana kwashe wani baƙin yashi tana ɗurawa a leda. Motocin da suka kwana a layin duk sun yi baƙi ƙirin. Na tambayi ɗan yayata, wanda na zo dubawa, ko gobara aka yi cikin dare. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, Etna ce ta ɗan yi tari. Ran da ta yi da gaske har filin jirgi ake rufewa."

Shekararsa takwas a Sisili, tsibirin da ya fi kowane girma a Bahar Rum, yana ƙarƙashin Italiya, faɗinsa kuwa ya ɗara jihar Kano kaɗan. Yaron yana aiki a wani gidan abinci, ya samu takardu, harshen mutanen ya zauna a bakinsa. Ya ɗauki hutun mako guda, muka yi hayar ƙaramar mota, na ce masa ni ba kantuna na zo gani ba, ya kai ni inda Allah ya yi aikinsa.

Etna muka fara. Daga Katanya hanya take ta hawa tana lanƙwasa, kuma wanda ya iya kallon ƙasa zai ga tana sauya kaya kamar mai shirin biki. Can ƙasa gonakin lemo ne, mai zaƙi da mai tsami. Gaba kaɗan sai inabi da zaitun, sai daji mai duhu. Bayan an wuce garin Nicolosi da ɗan nisa sai kore ya fara janyewa, har ka tsinci kanka a tsakiyar baƙin dutse mai kaifi, tuli kan tuli, sai ka ce bayan maƙerar da ta shekara dubu tana zubar da kashin ƙarfe. Kwalta ta ƙare a wani zango da ake kira Rifugio Sapienza, wajen mita 1,900 sama da teku. A nan na gane kuskurena. Na taho da kaftani da takalmi sau ciki, alhali iskar wurin ta fi ta tsakiyar hunturun Jos cizo. Sai da na yi hayar rigar sanyi da takalmin hawa, yaron yana ta ƙunshe dariya.

Kusa da zangon akwai ramukan Silvestri, waɗanda suka ɓarke a 1892 suka mutu. Ko tsoho mai sanda zai iya zagaya bakin ƙaramin cikinsu. Mu kuwa muka shiga akwatin nan da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, ya ɗaga mu zuwa mita 2,500, daga nan wata babbar mota mai manyan tayoyi ta ƙara da mu sama tare da ɗan jagora, don ba a barin mutum ya wuce wani mataki shi kaɗai. Ƙololuwar ta haura mita 3,300, amma ba ta da tsayi ɗaya tabbatacce: wani aman ya ƙara mata, wani ya rushe bakinta ya rage.

Abin da ba zan manta ba ƙarami ne. Ɗan jagoran ya ce in tona tsakuwar da nake takawa. Na tona da hannu kamar kamu ɗaya, sai na ji ɗumi irin na murhun da aka sauke tukunya ɗazu. Kunnena yana ƙanƙarewa, tafin hannuna yana gasuwa. Warin farar wuta yana zuwa yana wucewa, numfashi ya yi gajere, farin hayaƙi yana fita daga ƙololuwa a hankali ba ƙara ba gaggawa. A ƙasa ga teku shimfiɗe, ga gaɓar Italiya can ƙetare. Na yi tasbihi ban san na fara ba.

Tambayar da ta dame ni a hanyar saukowa ita ce me ya zaunar da dubban ɗaruruwan mutane a gindin wannan abu. Ba su jahilci halinsa ba. A 1669 wuta ta ɓarke kusa da Nicolosi, narkakken dutse ya malalo ya cinye ƙauyuka, ya iso ganuwar Katanya ya zarce cikin ruwa. Akwai wata tsohuwar fada a birnin, Castello Ursino, da aka gina a bakin teku. Yau sai ka yi tafiya kafin ka ga ruwa daga gindinta, saboda dutsen ya ture teku baya. A wancan aman ne wasu mazan Katanya suka rufa jiƙaƙƙun fatu, suka ɗauki sandunan ƙarfe suka fasa gefen kogin wutar don ya sauya hanya. Ya kuwa fara sauyawa, sai dai ya nufi garin Paternò, mutanen can suka fito da makamai suka kore su. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar maƙwabta a kan inda ruwan damina zai bi ya san wannan labari. A 1928 ma wuta ta shafe garin Mascali, aka sake gina shi a gefe.

Amsar tana cikin kasuwa. Tokar da tsohuwar nan take sharewa taki ce, kuma dutsen idan ya shekara ɗaruruwa ya ruɓe yakan zama ƙasa mai albarka. A yammacin Etna, a garin Bronte, ana noman wani ɗan itace mai kore a ciki, ɗanɗanonsa tsakanin gyaɗa da yazawa, bishiyarsa a tsagar dutsen take kafa saiwa, kuma shekara biyu-biyu ake girbinsa. Da baƙin dutsen suka shimfiɗa tituna, da shi suka sassaƙa giwar da ke tsakiyar dandalin Katanya. Mutanen wurin ba su cika cewa Etna ba, "Dutsen" kawai suke cewa, kuma a matsayin mace, kamar uwar da take ciyarwa take kuma duka. Tsohon sunanta Mongibello, rabinsa na biyu "jabal" ne na Larabci. Wato dutse-dutse, da harsuna biyu.

Rana ta biyu muka zagaya arewa maso gabas zuwa kwazazzabon Alcantara, shi ma sunan Larabci ne, al-ƙanɗara, wato gada. Kogi ne ya ratsa tsohon narkakken dutse, shi kuwa dutsen wajen hucewa ya tsage ya zama ginshiƙai masu kusurwa biyar ko shida, wasu a tsaye kamar an jingina azara, wasu a lanƙwashe kamar damin kara da iska ta kayar. Bangon ya kai mita ashirin da wani abu, tsakaninsa kuwa a wasu wuraren taku kaɗan ne. Na naɗe wando na shiga. Minti biyu ban cika ba na fito, ƙafafuna sun daina jin kansu. Wurin ya cancanci rabin yini, ba fiye ba.

Daga nan muka ratsa tsakiyar tsibirin zuwa kudu, na kuwa sha mamaki. Na zaci ko'ina kore ne. Ashe cikin Sisili tuddai ne tsirara, an girbe alkama an bar kututture, ƙasa ta yi ruwan toka-toka da rawaya kamar gonakin Katsina bayan kaka. A garuruwan yankin Agrigento kowane rufi da tankinsa, don ruwan famfo kwana-kwana yake zuwa. Na ce wa yaron, ashe har Turai ana tarbar ruwa. Ya ce har ƙurarmu tana zuwa, idan iskar kudu ta taso daga Sahara sai a wayi gari motoci sun yi ja.

Abin da ya kai mu can shi ne Scala dei Turchi, Matakalar Turkawa, farin dutse mai laushi da iska da ruwa suka sassaƙe hawa-hawa har cikin teku. An ce 'yan fashin teku ne suke sauka a nan a da, mutanen wurin kuwa kowane Musulmin da ya zo ta ruwa Baturke suke ce masa. A hoto babu kamarsa. A zahiri, lokacin da na je an hana hawa saboda dutsen yana zaizayewa, baƙi kuma suna ɓantarar guntaye su tafi da su. A watan Janairun 2022 wasu ma sun watsa masa jan gari cikin dare, sai da mutanen gari suka fito da tsintsiya da ruwa suka wanke. Muka tsaya daga nesa cikin cunkoson masu ɗaukar kansu hoto. Da la'asar sakaliya farin ya koma ruwan zuma, ya yi kyau, ba na musu. Amma tafiyar da muka sha ta fi abin da muka gani. Na lura yaron bai sauka bakin ruwa ba, ya zauna kan katanga ya juya wa teku baya yana danna waya. Ban kawo komai a raina ba.

Mazara del Vallo ba ta cikin lissafina, allon hanya ne ya tsayar da ni. A nan rundunar Musulmi ta sauka a 827, ƙarƙashin Asad bin Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik. Duk wanda ya zauna a zaure aka biya masa Muhtasar na Halil ya ji sunan Maziri da Ibn Yunus cikin malamai huɗu da littafin yake jingina da su. Na farko asalinsa wannan gari ne, na biyu ma Basiƙille ne. Shekara da shekaru ina jin "Maziri" ban taɓa tunanin gari ne mai kogi da jiragen kamun kifi da warin mai ba. Tsakanin wannan yanki da Tunisiya bai fi kilomita 150 ba, masuntan garin ma da yawa 'yan can ne. A wurinsu muka ci kuskus da romon kifi, wanda da a gida ne sai in ce burabusko ne aka yi wa miyar teku.

Gaba kaɗan, tsakanin Marsala da Trapani, gonakin gishiri ne. Tekun wurin ba shi da zurfi, sai aka yanka shi fangali-fangali kamar na masu noman rani. Ana shigar da ruwa fangalin farko, rana da iska su rage shi, a tura na gaba, a haka har ya yi kauri ya koma ruwan hoda, gishiri ya kwanta a ƙasa a kwashe da shebur. Tsofaffin injinan iska da suke ɗaga ruwan da niƙa gishirin suna nan tsaye. Tulin da aka tara kuwa rufe shi ake yi da jan tayil na rufin ɗaki don kada ruwan sama ya cinye, sai ka ga kamar ƙananan gidaje marasa ƙofa. Kakana ya yi fataucin kantun Bilma, ya sha ba mu labarin ramukan da ake barin ruwa ya ƙafe a ciki. Dabarar ɗaya ce, sai dai can raƙumi ke jira, nan kwalekwale. Muka tsaya har magariba. Rana ta faɗa cikin fangalan gaba ɗaya, kowanne da irin jan da ya ɗauka, ga wasu tsuntsaye masu dogon wuya da ƙafa kamar zalɓe, amma ruwan hoda, suna kiwo da kai a ƙasa. Wannan wuri bai gajiyar da ƙafa ba, bai ci kuɗi ba, kuma ya biya.

Ranar ƙarshe muka ba Zingaro, a arewa maso yamma. Gaɓar teku ce mai tsawon kilomita bakwai tsakanin Scopello da San Vito Lo Capo, babu kwalta, babu kanti, babu mota. Da an bar 'yan kwangila da yanzu titi ne. An ma fara aikin, sai a 1980 dubban mutane suka yi tattaki suka ce ba su yarda ba, a 1981 aka mai da wurin gandun da doka ta kare, na farko a Sisili. Ramin da aka fasa a dutse don titin yana nan, ta cikinsa ake shiga da ƙafa.

Hanyar siririya ce, dutse a hagu, teku a dama can ƙasa. Abin da ya rufe gangaren wani gajeren dabino ne da bai wuce ƙugu ba, ganyensa sak kaba. Da shi mutanen wurin suke saƙa kwanduna da igiya da tsintsiya, har akwai ɗan ɗakin da aka ajiye saƙe-saƙen, na ga faifai da tabarma da za a kai kasuwar Kurmi ba wanda zai ce baƙi ne. Gobara takan ci gandun, ta 2020 ta yi ɓarna sosai, amma kabar takan sake tohowa daga gindi. Duk bayan ɗan nisa sai wata hanya ta gangara zuwa lungun ruwa mai farar tsakuwa. Ruwan garau, kana ƙirga kifi daga tsaye.

A lungu na biyu na kasa haƙuri, na tuɓe riga na shiga har ƙirji. Na ƙwala wa yaron kira ya zo. Yana zaune kan dutse ya tasa takalmanmu gaba. Ya girgiza kai. Na sake kira, har da zolayar ko tsoro yake ji. Sai ya ce, a hankali, "Kawu, yi wankanka. Ni na sha rabona."

Na san ta Agadas ya bi, na san ta Libiya ya fito, kowa a gidanmu ya sani. A 2016, shekarar da ya ƙetare, mutum sama da 180,000 ne suka iso Italiya ta ruwa, 'yan Najeriya suka fi kowa yawa a ciki. Amma bai taɓa gaya mana su nawa suka shiga jirgin robar ba, su nawa aka tsamo, ni kuma ban tambaya ba ko a ranar. Kwana biyar ina jan shi daga wannan gaɓa zuwa waccan ina cewa ya dubi kyau. Na fito na zauna kusa da shi, muka ci burodi da zaitun, muka jira rigata ta bushe. Da za mu tashi shi ya nuna mini wata hanya ta sama, inda ake hango lungunan duka a jere, ya ce daga nan ya fi son kallonsa.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Sisili, ya zo a watan Mayu ko Oktoba, don zafin Agusta ba ya raga wa mai tafiyar ƙasa. Ya ba Etna yini guda cur, ya taho da rigar sanyi ko da gari na zafi a ƙasa. Zingaro kuma a shiga da sassafe, da rufaffen takalmi da ruwan sha mai yawa, a kuma tambaya kafin a taso, don ran da iskar kudu ta yi ƙarfi rufe ƙofar ake yi. Matakalar Turkawa kuwa, in lokaci ya ƙure, hotonta ya isa.