Yaro Ba Kayan Ɗaki Ba Ne

Aikin koyar da ƙananan yara ya kai ni Tsafe, ya kai ni Bungudu, kafin na dawo Gusau. Duk inda na zauna, akwai yaran da nakan gane tun kafin a ba ni labarin gidansu: waɗanda auren iyayensu ya mutu, aka raba su da mai renonsu. Ga abin da zama da su ya koya mini.

Darasi na farko, ƙaramin yaro ba ya mantawa yadda muke zato. Manya kan ce, "Ai yaro ne, kwana biyu ya manta." Bakin faɗa ne kawai ba shi da shi. Na ga wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, na ga wanda ya ƙi abinci, na ga wanda ke riƙe gefen hijabina da zarar an kaɗa ƙararrawar tashi. Masana lafiyar yara sun nuna cewa tun wajen wata shida zuwa takwas jariri ke bambanta mai renonsa da baƙo, kuma a shekaru ukun farko ƙwaƙwalwarsa ke girma fiye da kowane lokaci. A wannan zangon yana buƙatar mutum guda tsayayye da zai amsa kukansa, ya goya shi, ya yi masa magana.

Na biyu, shirun yaro ba shaidar lafiya ba ne. A Bungudu an kawo mini wata yarinya da aka mayar gidan ubanta bayan yaye. Matar uban, mace mai kirki, ta ce, "Malama, ba ta da rigima ko kaɗan." Amma yarinyar ba ta wasa, ba ta tambaya, ko ta faɗi ba ta neman mai rarrashi. Ta yi kukan ne har ta gaji, ta fid da rai. Yaron da ke rigimar neman uwarsa ya fi wannan lafiya.

Na uku, abin da muke kira addini a nan sau da yawa al'ada ce. "Ɗa na uba ne," in ji mutane, don haka ranar yaye ake aiko a ɗauke shi. Nasaba ta uba ce, babu musu, amma reno daban. Tun kafin a ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, alƙalanmu na bin mazhabar Malikiyya a sha'anin aure da saki. A Risala da Mukhtasar, littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu, uwa ce ta fi cancantar reno bayan saki: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin ya koma ga kakarsa ta wajen uwa, sannan 'yan'uwan uwar mata. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba duk inda yaron yake. Mata da yawa ba su san wannan ba, wasu kuma kunya ke hana su zuwa kotu, kada a ce sun kai uban 'ya'yansu ƙara.

Na huɗu, uwa ma ba ta da ikon shafe uba. Na ga matan da suka hana yaro gaishe da ubansa don huce haushi, kamar yadda na ga mazan da suka riƙe kuɗin abinci don a dawo musu da ɗa. Duka biyun yaron suke cuta. Wanda ake zagin ubansa ko uwarsa a gabansa, rabin kansa ake koya masa ya ƙi. In har dole ce ta sa a sauya masa gida, a yi a hankali, ya saba da sabon wurin, kuma a bar ƙofar ziyara a buɗe.

Rashin tsaro ya ƙara tsananta lamarin. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu 'yan bindiga sun mayar da mata da yawa zawarawa. Da an yi sadakar arba'in sai dangin mamaci su rarraba marayu, wannan Gusau, wancan Funtuwa. Niyyar taimako ce, amma yaron da ya rasa uba sai ya rasa uwa da 'yan'uwansa gaba ɗaya. Da a ɗauke su, gara a aika wa uwar hatsin da za ta ciyar da su.

Ina roƙon alƙalai, limamai, masu unguwanni da kawunnan da ake kira sulhu: kafin ku tambayi wa ya fi ƙarfi ko wa ya fi haƙƙi, ku tambayi wa ke yi wa yaron wanka, wa yake nema idan zazzaɓi ya kama shi da dare. A kan wannan amsar ya kamata a gina hukunci, domin yaron ne zai rayu da shi, kuma amanarsa Allah zai tambaye mu.