Dutse Gadawur: Gari Biyu a Gindin Duwatsu

Mai son zuwa Dutse daga Kano sai ya kama hanyar Wudil, ya tsallake gada, ya yi ta tafiya har Kwanar Huguma inda zai ratse. Tun daga nesa duwatsun za su yi masa maraba, manya a kan manya, kai ka ce wani ne ya ɗora su da hannu ya tafi ɗauko saura.

A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga Kano, ta kuma ba Dutse hedkwata, alhali ga Haɗeja da Gumel da Kazaure, kowanne yana ganin shi ya fi cancanta. Abin da wannan ya haifar shi ne gari biyu. Akwai na ƙasa, watau na gwamnati, mai faffaɗan tituna da sakatariya da rukunin gidajen ma'aikata. Nan ne Jami'ar Tarayya ta sauka a 2011, aka kuma buɗe filin jirgin sama a 2014. Gari ne mai tsabta da natsuwa, amma ran Juma'a da la'asar sai ka ga motoci sun yi jerin gwano sun nufi Kano, domin da yawa daga ma'aikatan can suka bar iyalinsu. Ran Asabar titi fayau. Mai shago da mai tuwon sayarwa su ne ke ji a jikinsu, sai Litinin ciniki ya dawo.

Na biyun shi ne Garu, tsohon gari a bisa dutse inda fadar Sarki take, kuma baƙon da bai hau can ba bai zo Dutse ba. Hanyar tana murɗawa tsakanin duwatsu, gidaje sun maƙale a jikinsu. Da ka tsaya a sama za ka gane dalilin da ya sa Ada, wanda ya riƙe garin a ƙarni na 18, ya iya ja da Sarkin Kano Kumbari. Ko'ina ka duba ganuwa ce ta Allah. Daga nan kuma ake hango itatuwan dabino a cikin kwari. Dabinon Dutse ba sai an yi masa talla ba, har tashar binciken dabino gwamnati ta kafa a garin. In ka zo lokacin ɗanyensa, ciko jaka, don mutanen gida za su tambaya.