Yadda D7 a lissafi ta zaunar da ni gida shekara guda

Na yi alƙawarin ci gaba da bayani kan magungunan hawan jini a wannan mako, amma ku yi mini afuwa. Wata magana ce ta taso a cikin gida, na ga gara in kawo ta tun yara ba su yi nisa a zangon karatu ba.

Ranar Asabar da yamma ina kanti ina duba magungunan da suka kusa ƙarewa, sai ga Yayata ta shigo. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ke, wane magani ne ke buɗe ƙwaƙwalwa? 'Yarki ce lissafi ya ƙi shiga kanta." Dariya na yi, don ba ita ce ta farko ba. Da zarar jarrabawa ta gabato iyaye mata kan yi ta zuwa da wannan tambaya, wasu har da sunan sirof ɗin da maƙwabciya ta faɗa musu. Bari in faɗa a nan kowa ya ji: babu ƙwaya ko sirof da ke koya wa yaro lissafi. Idan yaro na da ƙarancin jini, ko ba ya samun isasshen barci, ko idonsa ba ya ganin allo da kyau, wannan akwai abin yi a kai, kuma asibiti za a fara kai shi. Amma yaron da lafiyarsa ƙalau, kuɗinki kawai za ki zubar.

Da ta zauna ta sha ruwa sai ainihin maganar ta fito. Yarinyar ta shiga SS1, tana ajin kimiyya, kuma burinta ta karanta harhaɗa magunguna kamar ni. An ba su takarda a makaranta su zaɓi darussa, ciki har da lissafi mai zurfi da yara ke kira Foda Mas. Ita kuwa ta dawo gida ta ce ba Foda Mas kaɗai ba, shi kansa lissafin na kowa da kowa ba ta ga dalilin wahalar da kanta a kansa ba. Hujjarta biyu: ƙawayenta sun ce gwamnati ta cire lissafi, sannan ko a JAMB masu neman fannin magunguna ba sa rubuta shi. Yaya ta ce, "Ni na rasa me zan ce mata, don maganar cirewar nan ni ma na gan ta a WhatsApp."

Gabana ya faɗi, domin hujjarta ta biyu ita ce na kafa wa kaina ina 'yar shekara 16.

Bari mu fara kawar da ta farkon. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa, ta fitar da sababbin ƙa'idojin shiga manyan makarantu. Abin da suka ƙunsa shi ne, mai neman jami'a na buƙatar kiredit biyar ciki har da Turanci, kuma lissafi wajibi ne ga masu neman fannonin kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa. Waɗanda aka sassauta wa su ne 'yan ɓangaren adabi, masu neman irin su harsuna da tarihi da addini. Da surutu ya yi yawa, bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta sake fitowa ta ce duk ɗalibi, ko a wane aji yake, sai ya yi rajistar Turanci da lissafi ya zauna ya rubuta su a jarrabawar kammala sakandare. Wato ba a cire wa kowa lissafi daga aji ba. Ɗan kimiyya kuwa ko gashi ɗaya ba a rage masa ba.

Ko iyayen 'yan ajin adabi ma ina ba su shawara su yi hattara. Yaron da yau ya ce Hausa ko tarihi zai karanta, nan da shekara uku yana iya cewa tattalin arziki ko akanta yake so, kuma duk waɗannan sai da kiredit a lissafi. Ni na sha ganin haka a cikin dangi.

Yanzu ga labarina. A Agege na yi sakandare, kuma ba yabon kai ba, ina cikin na gaba-gaba a Bayoloji da Kemistiri. Muna SS2 malamin lissafinmu ya bar makarantar, muka yi zango guda cur ba a kawo wani ba, mu kuwa har murna muke yi. Da na gano cewa mai neman likitanci ko harhaɗa magunguna darussa huɗu yake rubutawa a JAMB, wato Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, sai na tattara littafin lissafi na jefa ƙarƙashin gado. A ganina in na sami ko yaya ne, ya isa. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce mini JAMB ƙofa ɗaya ce, sakamakon sakandare kuma wata ƙofar ce daban, kuma wannan ta biyun sai da kiredit a darussa biyar: Turanci, lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji.

Na ci JAMB da maki mai kyau. Baba har rago ya ce zai yanka in an ba ni gurbi. Ranar da sakamakon WAEC ya fito na sayi kati na tafi shagon intanet, yaron shagon ya buga mini takardar. B ne da C a ko'ina, sai lissafi: D7. Ga wanda bai saba da tsarin ba, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit, D7 da E8 an tsallake ne kawai, F9 kuma faɗuwa ce. Tsakanina da C6 mataki ɗaya ne tak. A shekarar WAEC kaɗai Baba ya iya biya mini, don mu uku yake wa ɗawainiyar makaranta, saboda haka babu sakamakon NECO da zan jingina da shi. Ga shi jami'ar da na nema ba ta karɓar haɗa sakamako biyu a wannan fanni, sai wanda aka ci a zama ɗaya. Makin JAMB kuma na shekararsa ne kawai, ba a ajiye shi.

Na kai wa Baba takardar yana zaune a ƙofar gida bayan Magariba. Ya daɗe yana dubawa, don shi a lissafinsa darasi ɗaya cikin tara ba abin tashin hankali ba ne. Da na yi masa bayani sai ya ninke ta ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Da ma ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ƙawayena suka tafi, ni kuma na zauna ina taya Mama tuyar awara, duk wanda ya shigo gidan sai ya tambaya, "Ke ba ki tafi ba?"

Wani ɗan bautar ƙasa da ke haya a layinmu Baba ya roƙa ya riƙa koya mini. Ranar farko bai buɗe littafin SS3 ba. Ya ce in haɗa masa rabi da sulusi. Na rubuta biyu bisa biyar, ina ma jin haushin ya raina ni. Ya ce, "To idan kina da rabin burodi aka ƙara miki sulusi, yaya aka yi abin da ke hannunki ya koma bai kai rabi ba?" Amsar biyar bisa shida ce. A nan na gane ciwona ba na SS2 ba ne, tun firamare na taho da shi, ina haddace hanya ina tsallake aji. Lissafi kamar ginin bulo yake, in layin ƙasa ya karkace duk abin da aka ɗora sai ya bi shi. Wata biyu muka yi a kan abin da 'yan JSS1 ke yi kafin ya yarda muka taɓa tsofaffin tambayoyin jarrabawa. Na sake rubuta darussan gaba ɗaya a jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, na sami B3 a lissafi, na kuma sake JAMB.

Abin dariyar shi ne, sana'ar da na guje wa lissafi dominta, lissafi ne tun daga buɗe kanti har rufewa. Ɗauki farasitamol na yara. Ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 15 ga kowane kilo ɗaya. Yaro mai kilo 12 ke nan zai sha miligiram 180. Idan kwalbar da ke hannuna an rubuta miligiram 120 a kowane mililita 5, to mililita 7.5 zan ce a ba shi, kuma kada ya wuce sau huɗu cikin awa 24. Ka ga ninkawa, ka ga rabawa, ka ga ɗigo. Wannan ɗigon da ke tsakanin 7 da 5 in ya ɓace, an ninka maganin sau goma, kuma farasitamol in ya yi yawa hanta yake lalatawa. Shi ya sa kullum nake cewa a yi amfani da sirinji ko murfin awo da ya zo da kwalbar, a bar cokalin kicin, don kowane gida da girman nasa. A jami'a kuma, da muka zo darasin yadda magani ke raguwa a cikin jini, da dalilin da ya sa wani ake shansa sau ɗaya a rana wani sau uku, sai ga logarizim ɗin nan na SS1 da na tsana ya dawo yana jirana.

Sai batun Foda Mas, wanda shi ne zaɓin gaske da ke gaban iyaye. Darasi ne na ganin dama, ana yinsa ne a kan lissafin gama-gari, ba ya maye gurbinsa. A cikinsa ake zurfafawa a kalkulas da ƙididdiga da lissafin motsi da ƙarfi. Mai neman harhaɗa magunguna ko likitanci ba a neman sa da shi. Amma a shekarar farko ta jami'a, da aka haɗa mu 'yan kimiyya a babban zaure ana koyar da kalkulas, waɗanda suka yi shi a sakandare maimaici suke yi, mu kuwa muna zufa. Ga yaron da ya nufi injiniya ko kimiyyar kwamfuta ko Fiziks, ni a ganina asara ce ya bar shi, tunda shi ko a JAMB ma lissafi na cikin darussan mai neman injiniya.

Sai dai kafin ki sa hannu a takardar, ki je makarantar da ƙafarki ki tambaya: akwai malamin da ke koyar da shi, ko suna ne kawai a jadawali? Makarantu da yawa malamin lissafi ɗaya ne ke zagaya dukkan azuzuwa. Sannan ki dubi sakamakon yaron na JSS3. Wanda ke fama da na gama-gari, ɗora masa Foda Mas kamar ɗora wa mai ciwon baya buhu ne. Lokacin da zai kashe a kansa daga wajibin za a cire. Darussa tara ne iyakar abin da ake rubutawa a WAEC, kada a cike gurbi don a ce ɗan wane yana Foda Mas. Kuma shawarar a SS1 ake yanke ta, domin makaranta na aika wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen da yaro ya tara a shekarun nan, ba a wayi gari a SS3 a ce za a sauya ba. Abin da kowace jami'a ke nema a kowane fanni, da ko tana karɓar zama biyu, yana cikin ƙasidar JAMB a shafinta na intanet. A buɗe ta tun yanzu tare da yaron.

Wani abin da Yaya ta faɗa ya tsaya mini a rai. Wai baban yarinyar ya ce a ƙyale ta, ai lissafi kan maza ne. Na ce ta gaya masa Grace Alele-Williams, mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, wato Jami'ar Benin a 1985, malamar lissafi ce. In kuma wannan ta yi masa nisa, ya tsaya ya kalli matarsa ranar rabon adashi.

Washegari Lahadi Yaya ta turo mini ita. Ta shigo tana cika tana batsewa, ta ce, "Anti, wai ke kika ce sai na yi Foda Mas?" Na ce ban ce ba. Na ba ta takarda na ce ta haɗa mini rabi da sulusi. Ta yi daidai, har tana harara ta. Sai na ɗauko kwalbar farasitamol na ce ga yaro mai kilo 12, nawa za ki ba shi? Ta yi ta juya biro, ta fitar da 180 ba wahala, amma da aka zo mayar da shi mililita sai ta tsaya cak. Daga baya ta rubuta 75. Na ɗauko sirinji mai cin mililita 5 na ce ta ƙirga sau nawa za ta cika shi ta ɗura wa yaron. Da ta kai goma sha biyar sai ta rufe baki da hannu.

Ban ɓoye mata labarin D7 ɗina ba, wanda ashe uwarta ba ta taɓa gaya mata ba. Mun tsaya a kan cewa ba za ta ɗauki Foda Mas ba, don da Yaya ta bincika ta tarar makarantar ba ta da malaminsa na dindindin. Ta zaɓi ilimin noma a gurbinsa. Amma duk Asabar bayan La'asar za ta zo kanti da littafin lissafinta mu yi awa guda, kafin masu sayen magani na yamma su fara cika wurin. Ta nemi in riƙa biyan ta kuɗin mota, na ce wannan tsakaninta da babanta ne.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan magungunan hawan jini, musamman masu daina sha da zarar sun ji sauƙi.