Tambayar da ɗalibata ta yi mini

A Tsarnawa nake koyarwa, daidai inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi. Shekara da shekaru motocin uraniyom na Arlit ta nan suka riƙa bi zuwa Kwatano.

Rannan muna darasin arzikin ƙasa, na ambaci simintin Malbaza da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe can a 2018. Wata yarinya ta ɗaga hannu: "Mushe, to me ya sa da tocila nake bita?"

Na yi shiru. Tun 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta, nake ganin mallakar ma'adinai rabin aikin gwamnati ne. Saura fitila ta kama a ɗakin yarinyar nan. Jarrabawarta watan Yuni ce.