Ƙwayar da masu dashen ƙoda ke rainawa

Ɗana, tunda ƙodar da 'yar'uwarka ta ba ka ta zauna, saurari abin da na koya a jinyar ƙanena.

Mai dashe hankalinsa kaf a kan ƙoda yake: fitsari ya ƙaru ko ya ragu, me gwajin jini ya nuna. Alhali da yawansu ƙodar na aiki sumul, zuciya ce ke kayar da su. Magungunan da ke hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda, irin su cyclosporine da sirolimus da prednisolone, suna ƙara kitsen jini, wato kolestarol, shi kuma ya riƙa cushe jijiyoyi sannu a hankali, ba ciwo ba zazzaɓi. Shi ya sa likita ya haɗa maka da sitatin, ƙwayar rage kolestarol. A binciken ALERT da aka fitar a 2003, an bi masu dashen ƙoda sama da 2,000, aka ga ciwon zuciya ya ragu a cikin masu shan fluvastatin, wani nau'in sitatin.

Ranar da aljihu ya yi sanyi, sitatin ake fara ajiyewa, a ce "ai ba ta ƙoda ba ce". Na ji wannan magana a layin asibiti har na gaji da jin ta. Kada ka bi su.

Kuma kada ka bari yaron kemis ya musanya maka da wata sitatin, wai duk ɗaya ne. Cyclosporine na hana hanta fitar da simvastatin, sai ta taru a jini ta kama cin tsoka. Haka aka yi wa ƙanena. Cinyoyinsa suka yi tsami, ɗagowa daga sujada sai da dafa bango, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi. Tsoka ce ke narkewa, dattinta kuwa a ƙodar nan da aka sha wuya a kanta yake sauka. Allah ya taimake mu aka kai shi da wuri. In ka ga haka, ko da tsakar dare ne, asibiti.

Lemon garehul ka bar shi gaba ɗaya. Duk likitan da zai rubuta maka magani, ko na tari ne, musamman clarithromycin, ka zazzage masa ledar magungunanka a kan tebur kafin ya ɗora biro.