Iyafis Mai Igiya da Kunnen Babana

Duk wanda ya taɓa kwana a hostel ɗin maza ya san cewa shiru kayan marmari ne. A ɗakinmu mu takwas ne a rubuce, amma idan aka haɗa da 'yan raɓe mun kai goma sha ɗaya. Wannan yana kallon ƙwallo a waya, wancan yana hira da budurwa har ƙarfe ɗayan dare, ga na saman gadona da munsharinsa, sannan can bayan taga janaretan masu cajin waya yana ta nasa aikin. Tun ina ND I na gane cewa idan ina son in ji kaina, sai na toshe kunne. Daga nan iyafis ya zame mini kamar riga. Ba na fita sai da shi, ba na kwanciya sai da shi.

Irin na ɗari bakwai nake saya, wanda ake ratayewa a shagon 'yan caji. Ba ya wuce sati uku kunne ɗaya ya mutu, sai ka riƙa murɗa igiyar kana laluben inda za ta kama. Kuma da yake ba ya zama daram a kunne, hayaniyar ɗaki tana shigowa ta gefe. Magani ɗaya na sani: in ƙure ƙara. Wayata takan fito da gargaɗi cewa sauraro da ƙarfi na tsawon lokaci yana iya cutar da ji, ni kuwa sai in danna in wuce, yadda muke yi wa duk wani rubutu da waya ta nuna mana.

Ba kiɗa ne ya fara tura ni neman iyafis na kirki ba, gem ne. Mu huɗu muke haɗa ƙungiya a Call of Duty Mobile duk daren Juma'a idan data ta samu, kuma duk wanda ya taɓa bugawa ya san cewa a wannan wasa kunne ya kusa fin ido aiki. Kafin ka ga abokin gaba, takunsa za ka fara ji: daga hagu yake ko dama, a saman bene ko a bayan bango. Ni kuwa kullum ni ake fara kashewa. Na ari na Bluetooth wajen wani, abin ya ƙara lalacewa, don sai na faɗi sannan ƙarar harbin ta iso kunnena. Daga baya na fahimci dalili. Kafin sauti ya zo maka ba tare da igiya ba, sai waya ta matse shi ta aika, iyafis ɗin ya karɓa ya warware, kuma a na'urori masu araha wannan kai-kawo kan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Wajen jin waƙa ba za ka ma san da shi ba. A gem kuwa ya isa a gama da kai.

"Kai wai kurma ne?" in ji Auwal wata rana, bayan na sake jawo mana asara. "Mutum yana tafe a bayanka kamar doki, amma ba ka ji ba?" Duk muka yi dariya. Sai ya zare nasa ya miƙo mini.

Irin wanda ake turawa cikin ramin kunne ne, igiyarsa a murɗe kamar kitso, tana zagayawa ta bayan kunne. Asalin irinsa na mawaƙa ne a kan dandali, don su ji muryarsu a tsakiyar hayaniyar taro, amma yanzu kamfanonin Sin irin su KZ da Moondrop sun sauko da farashinsa har ɗalibi yana iya kai hannu. Da yake lantarki nake karanta, sai da na bi diddigin abin da ke ciki. A kowane kunne akwai 'yar lasifika mai faɗin kimanin milimita 10: maganaɗisu, naɗin siririyar waya, da wani fefe mai rawa kamar fatar ganga. Ita ce ke fitar da bugu mai nauyi, wanda muke cewa bes. Wasu kuma ana ƙara musu wata 'yar mitsitsiyar na'ura mai sandar ƙarfe da ke rawa tsakanin maganaɗisu biyu, wadda ta fi iya fito da sirirai da kaifafan sauti. Igiyar ma ana cire ta. Idan ta lalace ita kaɗai za ka sauya, ba sai ka jefar da iyafis ɗin gaba ɗaya ba. Babu caji, babu batir, NEPA ta kawo ko ta ɗauke bai dame shi ba. Tun 2016 da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 manyan wayoyi suke ta bin sahu, amma mu 'yan Tecno da Infinix akasarinmu har yanzu ramin yana nan.

A lokacin SIWES na zauna a shagon gyaran waya, kuma daga ɗan abin da maigidan yake ba ni na tara naira 14,500 na sayi nawa. Sunday, wanda gadonsa ke kallon nawa, ya ce wallahi ni ba ni da hankali, kuɗin da zai riƙe mutum da garin kwaki da taliya kusan wata guda na zuba a kunne. Ban ce masa komai ba, don ni ma zuciyata tana faɗa mini haka.

A cikin kwalin akwai robobi girma uku. Sai da na gwada duka kafin na sami wadda ta toshe mini kunne ruf. Ina sa ta, janareta ya koma can nesa kamar a wata unguwa. Na kunna Shata, wanda tun ina yaro nake ji a rediyon Baba. Jama'a, ashe ban taɓa jin Shata ba. Da can kiɗan a dunƙule yake zuwa mini kamar tuwo. A daren nan sai na ji kalangai daban-daban, wani yana sama wani yana ƙasa, na ji 'yan amshi a matsayin mutane masu murya iri-iri, har da inda mawaƙin yake jan numfashi. Na sa Ɗan Maraya Jos, na ji yadda yatsa ke taɓa tsirkiyar kuntigi. Da na duba wayar kuma, ƙarar ko rabi ba ta kai ba. A gem ma daga ranar na daina zama abin tsokana.

To amma a wannan makon na gano wani abu da ban so ba. Wata rana waƙa ta ƙare, ban cire iyafis ɗin ba, na kwanta shiru. Sai na ji wani siririn sauti, ziiii, kamar kukan gyare. Na ɗauka iyafis ɗin ne ya sami matsala. Na zare shi daga waya, sautin yana nan. Na cire shi daga kunne na toshe da yatsa, yana nan. Ashe a cikin kaina yake, hayaniyar hostel ce take rufe shi tuntuni. Na ce gajiya ce, na share zancen.

Da aka yi hutun zango na tafi gida Kaduna. Babana ya yi shekara 18 yana aiki a ɗakin saƙa na wata masaƙa a Kakuri, ina ƙarami aka rufe ta. Tun da na yi wayo na san shi da ƙure rediyo, da cewa "Na'am?" sau biyu kafin ya amsa magana. Idan ana hira a majalisa shi dai murmushi yake yi, ba ya sa baki. Mu a gida mun ɗauka halinsa ne, ko kuma girma. Ba ya kiran sunana, saboda sunan mahaifinsa aka sa mini. Babangida yake ce mini.

Bayan sallar isha'i yana zaune a tabarma, na ce, "Baba, bari in jiyar da ku Shata yadda ba ku taɓa jin sa ba." Na goge robobin, na sa masa a kunne da kaina, na kunna a daidai inda nake saurare. Ya yi shiru, sannan ya yi mini alama da hannu in ƙara. Na ƙara. Ya sake yin alama. Na yi ta ƙarawa har gargaɗin nan ya fito, na danna na wuce. Sai na ga ya fara gyaɗa kai, bakinsa yana motsi.

"Ga kalangu nan ina ji sosai, Babangida," ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda kunnensa ke toshe. "Amma maganar Alhaji ba ta fita. Ƙara mini kaɗan."

"A ƙure take, Baba."

Ya cire ya miƙo mini. Sai a lokacin na gane cewa motsin da bakinsa yake yi, abin da ya haddace tun yana saurayi yake bi, ba abin da kunnensa ke ji ba. Ya ce a ɗakin saƙa ba a magana, da hannu ake yi, don ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba. Ya ce idan aka tashi aiki ƙarar takan biyo mutum gida, zuwa safiya ta tafi. Ana nan ana nan, wata rana ta zo ba ta sake tafiya ba.

"Kamar kukan gyare?" na tambaye shi.

Ya juyo ya dube ni da kyau. "Ya aka yi ka sani?"

A wannan hutun muka je Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke nan Kaduna, ni da shi. Gwajin ba wuya. Ana sa ka a wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, a sa maka abin sauraro, a ba ka maɓalli ka danna duk lokacin da ka ji sauti. Ni aka fara yi wa. Da aka zo kan Baba ina tsaye ina kallonsa ta gilashi. A sautuka masu kauri yana dannawa. Da aka hau zuwa sirirai, sai na ga ma'aikaciyar tana ta ƙara ƙarfi, shi kuwa yana zaune da maɓalli a hannu yana jira a fara. Wannan zaman nasa har yau ban manta da shi ba.

Bayanin da aka yi mana shi ne, can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi kimanin 16,000, su ne ke mayar da motsin sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, idan abin ya daɗe ta kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Waɗanda ke ɗaukar siririn sauti su ke fara tafiya. Shi ya sa Baba yake jin ganga amma ba ya rarrabe "sa" da "sha" da "fa": yana jin ana magana, ba ya gane me ake cewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da haɗari ba. Idan ya kai 90, awa 4 ne kacal a mako. Wayoyi da yawa idan aka ƙure su suna kai 100 ko fiye, inda lissafin ya koma na mintuna. Ni kuwa na yi shekara biyu ina kwana da ƙara a ƙure. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin wannan haɗari, don haka ba ni kaɗai ba ne, kuma na tabbata a kowane ɗaki na hostel ɗinmu akwai irina.

Nawa sakamakon da sauƙi. Jina bai taɓu sosai ba, sai ɗan rauni a kunnen hagu. An ce ƙugin yana iya raguwa, yana kuma iya zama. Ya ragu, amma idan dare ya yi tsit ina jin sa. Baba kuwa an ce na'urar taimaka wa ji ce za ta yi masa amfani, kuma kuɗinta ya fi ƙarfinmu a yanzu, ni da yayana muna tarawa. Da na karanta yadda take aiki sai na yi dariyar takaici: 'yar na'urar nan mai sandar ƙarfe da ke cikin iyafis ɗina, wadda nake taƙama da ita, irinta ce ake sa wa a na'urar masu raunin ji. A hanya muna dawowa Baba ya ce, "Ni dai abincinku na je nema aka karɓe mini kunne. Kai me ka je nema?" Ban sami amsa ba.

Ban daina sa iyafis ba, kuma ba zan ce wa kowa ya daina ba. Wanda duk ya zauna a ɗakin mutum goma sha ɗaya ya san ba zai yiwu ba. Abin da na koya shi ne, amfanin iyafis mai kyau ba ƙarfin ƙara ba ne. Amfaninsa shi ne ya tare maka hayaniyar waje, ka ji komai tas da ƙaramar murya. Amma shi ma idan ka ƙure shi ɓarnarsa ba ta da wasa, don a bakin dodon kunne yake zaune. Yanzu ba na wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar waya, yawanci ma ƙasa da rabi nake tsayawa. Duk bayan awa guda ina cirewa kunne ya huta. Na daina barci da shi. Ba na sa shi a kan titi, tun ranar da mai Keke ya kusa kwashe ni a bakin get ban ji hon ɗinsa ba. Idan kuma ba ka da kuɗin mai tsada, ko mai arahar ne nemi mai robar da ta dace da kunnenka, ya fi wanda ke lilo yana sa ka ƙure ƙara.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yau da dare idan ɗaki ya lafa, ka toshe kunnuwanka da yatsa na minti ɗaya ka saurara. Idan shiru ka ji, ka gode wa Allah ka kiyaye. Idan kuwa ka ji gyare, kada ka share kamar yadda na yi, ka je a duba ka.

Auwal har yanzu yakan ce mini kurma idan na yi kuskure a gem. Sauran suna dariya. Ni dai nakan duba inda ƙarar wayata take, sannan mu ci gaba da wasa.